Yaushe PlayStation 6 za ta fito: ƙarshen 2027 ko sai 2028?

Mai Gidan Wasa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni bin labarin kamfanonin wasannin bidiyo, kuma ina fatan za a amsa mini da hujja, ba da abin da masu neman 'yan kallo a YouTube suke yayatawa ba. A watan Nuwamba na 2025 PlayStation 5 ta cika shekara 5 a kasuwa, kuma tun daga lokacin duk shafin da na leƙa maganar PlayStation 6 ake yi. Wasu sun dage cewa a ƙarshen 2027 za ta fito, wasu sun ce sai 2028, akwai ma masu kai ta har 2029 ko 2030, kuma kowane ɓangare yana magana da cikakken tabbaci kamar da shi aka yanke shawarar.

Dalilin tambayar tawa shi ne ina riƙe da ƙaramin gidan gem a Kano, kuma har yanzu da PS4 muke aiki, saboda yawancin matasan da ke zuwa ƙwallo ce take kawo su, ita kuwa PS4 ba ta gaza a wannan fannin ba tukuna. Na ɗan tara abin da zan fara sauya na'urorin zuwa PS5 da shi, amma ina fargabar in zuba kuɗi a kan na'urar da ta kusa zama tsohuwar yayi, shekara ɗaya ko biyu ta zagayo a ce ga sabuwa ta fito. Shin kamfanin Sony ya taɓa faɗin wani abu a hukumance game da lokacin fitowarta? Idan bai faɗa ba, a kan me masu hasashen suke ɗora lissafinsu? Sannan wanda yake a matsayina, jira ya fi masa ko saye? Na gode.

Bazazzagi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Mai Gidan Wasa. Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: Sony bai sanar da rana ba, bai kuma sanar da shekara ba. Tun a 2019 ya yi rajistar sunayen PS6 har zuwa PS10 a Japan domin kada wani ya riga shi, amma wannan kare suna ne kawai, ba alƙawarin lokaci ba ne. Duk wanda ya ba ka rana hasashe yake yi. Ni ma hasashen zan yi, sai dai zan nuna maka inda na samo nawa.

Mu fara da tarihin kamfanin kansa. PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamba na 1994. PS2 ta biyo baya a watan Maris na 2000, wato tazarar shekara 5 da 'yan watanni. PS3 ta fito a Nuwamba na 2006, PS4 a Nuwamba na 2013, PS5 kuma a Nuwamba na 2020. Ka ga sau biyu a jere shekara 7 cif aka samu tsakanin na'ura da magajiyarta, kuma sau uku a jere watan Nuwamba aka zaɓa. Zaɓen watan ba haka kawai aka yi shi ba, domin lokacin ne kasuwar Amurka da Turai take ci sosai saboda sayayyar Kirsimeti da rangwamen ƙarshen shekara, kuma babu kamfanin da zai so ya rasa wannan kakar da sabuwar hajarsa. Idan ka ɗora 7 a kan 2020, Nuwamba na 2027 za ka samu. Wannan shi ne tushen maganar masu cewa 2027, kuma ina cikinsu.

Ba lissafin shekaru kaɗai na dogara da shi ba. A watan Fabrairu na 2024, lokacin da Sony ya rage hasashen cinikin PS5 na wannan shekarar kuɗi daga miliyan 25 zuwa miliyan 21, wata babbar jami'ar kamfanin, Naomi Matsuoka, ta ce na'urar ta fara shiga kashi na biyu na rayuwarta a kasuwa. A lokacin PS5 tana da shekara 3 da wata 3 ke nan, kuma idan wannan ne tsakiyar hanya, to ƙarshen hanyar bai wuce shekara ta bakwai ba.

Sai kuma maganar Mark Cerny, mutumin da ya jagoranci tsara PS4 da PS5. A watan Oktoba na 2025 ya fito a wani bidiyo tare da Jack Huynh na kamfanin AMD, mai tsara ƙwaƙwalwar da ke cikin PS4 da PS5, inda suka yi bayanin wasu sababbin fasahohi da suke haɗin gwiwa a kansu a ƙarƙashin shirin da suka kira Project Amethyst, waɗanda suka shafi zana haske da inuwa, da amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace hoto, da matse bayanai domin su rage cin wuri. Cerny ya ce yana ɗokin ganin waɗannan fasahohi a cikin na'urar da za ta zo nan da 'yan shekaru. Wanda ya tuna yadda aka yi da PS5 zai gane salon: a watan Afrilu na 2019 Cerny ɗin ne ya fara bayyana abin da ke cikinta a hira da mujallar Wired, a Oktoba aka tabbatar da sunanta, a Yuni na 2020 aka nuna siffarta, a Satumba aka faɗi kuɗinta, a Nuwamba ta shiga kanti. Sony ba ya sakin wannan mutumin ya yi magana a kan abin da yake da nisa ƙwarai.

Abu na ƙarshe shi ne kishiya. A watan Yuni na 2025 Microsoft ya sanar da yarjejeniyar shekaru da AMD domin ƙera na'urar wasansa ta Xbox mai zuwa. Sony bai manta da abin da ya faru a 2005 ba, lokacin da Xbox 360 ta riga PS3 fitowa da shekara guda, ta kama kasuwar Amurka, kuma sai da PS3 ta sha wahala na tsawon shekaru kafin ta kamo ta. Idan Microsoft ya shirya fitowa a 2027, ban ga yadda Sony zai yarda ya sake ba shi irin wannan ratar ba.

Injiniya ya amsa:

Assalamu alaikum. Malam Bazazzagi ya kawo tarihin daidai, ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin shekarun da ya ambata, amma ina ganin ya ɗauki abin da ya faru sau biyu ya mayar da shi doka. Ni a wurina 2028 ta fi kusa da gaskiya, kuma idan har za a samu sauyi, jinkiri za a ƙara, ba gaggawa ba.

Hujjar farko ba daga masu tsegumi ta fito ba, daga kotu ta fito. A 2023, lokacin da hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wato FTC, take ƙoƙarin hana Microsoft sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard a kan dala biliyan 68.7, takardun da Microsoft ya gabatar sun ambaci 2028 a matsayin shekarar da ake sa ran sabon zangon na'urori zai fara. A watan Satumba na wannan shekarar wasu takardun cikin gida na kamfanin suka fita bisa kuskure daga cikin kundin shari'ar, su ma 2028 suka nuna. Gaskiya ne hasashen Microsoft ne, ba sanarwar Sony ba, kuma kamfanoni suna sauya shiri, amma kamfanin da yake sayen ƙwaƙwalwar na'urarsa a hannun mai sayar wa Sony ya fi ni da kai sanin inda hanyar ta dosa.

Sannan lissafin shekarun ma yana da wata fuska. PS4 Pro, wato samfurin PS4 da aka ƙara wa ƙarfi, ta fito a Nuwamba na 2016, shekara 3 bayan PS4, kuma sai da aka ƙara shekara 4 kafin PS5 ta zo. PS5 Pro kuwa sai a Nuwamba na 2024 ta fito, shekara 4 bayan PS5, wato an riga an makara da shekara guda. Idan aka ba ta shekara 4 kamar yadda aka ba wa 'yar'uwarta, 2028 ke nan. Mutumin da ya biya dala 700 ya sayi Pro ba tare da wurin sa faifai ba, ba zai ji daɗi ba idan aka shafe masa ita cikin shekara 3, kuma waɗannan su ne abokan cinikin da Sony ya fi ji da su, domin su ne suka fi kashe kuɗi a kan wasanni.

Kada kuma a manta cewa shekaru biyun farko na PS5 kusan sun tafi a banza. Ta fito a tsakiyar annobar korona, ga ƙarancin sassan lantarki a duniya, ga 'yan sari da suka riƙa kwashe ta suna ninka kuɗinta. Sai a watan Janairu na 2023 Jim Ryan, shugaban sashen PlayStation na lokacin, ya fito ya ce yanzu samun ta zai yi sauƙi. A waɗannan shekarun manyan wasannin Sony kansa, irin su Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök, duk sun fito a kan PS4 ma. A 2024 kamfanin ya nuna wa masu hannun jari cewa kusan rabin masu wasa a kan na'urorinsa duk wata har lokacin a kan PS4 suke. Idan rabin mutanenka ba su ƙaura zuwa gidan da ka gina ba, gaggawar me kake yi ka gina wani?

Amma babban dalilina shi ne kuɗi, kuma a nan zan ɗan tsawaita. A da, abin da yake buɗe wa sabuwar na'ura hanya shi ne tsohuwar ta yi araha. PS2 ta fara da dala 299, ta sauka zuwa 199 a 2002, daga ƙarshe ta kai 99. PS4 ta fara da dala 399, ta koma 349 a 2015, sannan 299 a 2016. PS5 ta karya wannan al'ada. Ta fara da dala 499 mai faifai, 399 mara faifai, kuma maimakon ta sauka sai hawa take yi: an ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe a watan Agusta na 2022, an sake ƙari a wasu kasuwanni a Afrilu na 2025, sannan a Agusta na 2025 aka ƙara dala 50 a Amurka, mai faifai ta koma 549, Pro ta koma 749. Xbox Series X ma daga 499 ta tashi zuwa 599, sannan 649, duk a cikin 2025. Dalilan sun haɗa da hauhawar farashi, da harajin shigo da kaya da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba, da kuma wani abu da ya fi su zurfi, wato ƙanƙantar da ƙwaƙwalwar na'ura ya daina sa ta yi araha kamar da. Kowane sabon mataki da TSMC na Taiwan, kamfanin da ke ƙera irin wannan ƙwaƙwalwa, ya taka, kuɗinsa ya fi na baya.

A kan wannan kuma sai ga matsalar RAM, wato ma'ajiyar da na'ura take riƙe bayanai a ciki yayin da take aiki, wadda ta taso a ƙarshen 2025. Kamfanoni uku ne suke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa a duniya: Samsung, SK Hynix da Micron. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna gina manyan cibiyoyin kwamfutoci, suna saye da yawa, suna biya da tsada, saboda haka masu ƙerawar suka karkata gare su. A watan Disamba na 2025 Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, sashensa da yake sayar wa ɗaiɗaikun mutane, domin ya mayar da hankali ga manyan masu saye. PS4 tana da RAM mai gigabait 8, PS5 tana da 16, kuma babu yadda za a yi magajiyarta ta tsaya a nan. Na'urar da take buƙatar RAM mai yawa a lokacin da RAM ya yi tsada, ko dai a sayar da ita a farashin da mutane za su guje ta, ko kamfanin ya ɗauki asara mai nauyi a kan kowace ɗaya. Sony ya taɓa ɗanɗana wannan a 2006 da PS3 mai dala 599, kuma ba darasin da ake mantawa ba ne.

Akwai kuma maganar wasannin da za su sayar da ita. Daga wata takardar Sony da ba a rufe alƙalumanta da kyau ba a wannan shari'ar ta 2023, an gano cewa Horizon Forbidden West ya ci dala miliyan 212 cikin shekara 5, The Last of Us Part II kuma ya ci kimanin miliyan 220. Babban wasa yanzu yana cin kusan tsawon rayuwar na'ura guda kafin a gama shi. Naughty Dog, ɗaya daga cikin fitattun rassan Sony, har ƙarshen 2025 bai fitar da sabon wasa fil a kan PS5 ba, sai gyaran tsofaffi. Ga Grand Theft Auto VI (GTA VI), wanda kamfanin da ke yin sa, Rockstar, ya ɗage zuwa 19 ga Nuwamba, 2026, kuma a kan PS5 da Xbox Series aka sanar da shi. Wannan wasan shi kaɗai zai sa miliyoyin masu PS4 su ƙaura, kuma ba na jin Sony zai so ya katse wannan cinikin bayan wata 12.

Game da maganar Matsuoka, ya kamata a haɗa ta da wadda ta zo bayanta. A watan Nuwamba na 2025 shugabar sashen kuɗi ta Sony, Lin Tao, ta shaida wa masu hannun jari cewa rayuwar na'urori tana ƙara tsawo, kuma a ganinsu PS5 tana tsakiyar tafiyarta ne. Nintendo ma ya nuna cewa jira ba ya kisa: Switch ta fito a watan Maris na 2017, Switch 2 ba ta zo ba sai 5 ga Yuni, 2025, fiye da shekara 8, kuma ta sayar da sama da miliyan 3.5 a cikin kwana 4.

Ɗan Kasuwa ya amsa:

Malamai, kun ilimantar da mu, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina ganin tambayar Malam Mai Gidan Wasa ta uku ce ta fi muhimmanci a gare shi, kuma amsarta ba ta rataya a kan wanda ya yi daidai tsakanin ku biyun ba.

Ranar da na'ura ta fito a Amurka ko Japan daban, ranar da za ta zama abin da mai gidan gem a Kano zai iya saye ya mayar da kuɗinsa daban. Kayan da suke zuwa mana ta hannun 'yan kasuwa suke biyowa, daga Dubai ko ta Legas, kuma a watannin farko, lokacin da ko a can ana layi a kanta, wanda ya samo ta sai ya ɗora ribar da ya ga dama. Da dala ake sayo ta, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. Ko da hasashen Malam Bazazzagi ya tabbata, PS6 ta fito a ƙarshen 2027, sai a ƙara shekara biyu ko uku kafin ta hannu ta fara yawa a kasuwa, farashin ya sauko inda mai sana'a zai iya taɓawa. Idan na Injiniya ne ya tabbata, to maganar ta kai 2030 ko ta wuce. Wanda ya ajiye kuɗinsa yana jiran wannan ranar, jiran gawon shanu yake yi, ga kuma darajar kuɗin tana zaizayewa a hannunsa.

Abin da ya kamata ka duba, Malam, ba ranar haihuwar PS6 ba ce, ranar da za a daina yi wa PS4 wasan ƙwallo ce, tunda ka ce shi ne abincin gidanka. Tarihi ya nuna wasannin ƙwallo su ne na ƙarshe da suke barin tsohuwar na'ura. PS2 ta fito a 2000, amma sai da aka yi mata FIFA 14 da PES 2014 a 2013, shekarar da PS4 ta fito, bayan an ma daina ƙera ta. EA Sports FC 26 ya fito a kan PS4 a watan Satumba na 2025, shekara 12 bayan fitowar na'urar. Idan aka bi wannan sawun, PS5 za ta ci gaba da samun sabon wasan ƙwallo shekaru da dama bayan magajiyarta ta fito, domin na'urar da aka sayar da sama da miliyan 80 ba kasuwar da wani kamfanin wasa zai juya wa baya ba ce.

PS4 ce kwananta ya kusa ƙarewa. Sony ya riga ya sanar da cewa daga Janairu na 2026 wasannin PS4 ba za su kasance cikin manyan abubuwan da ake ba masu biyan kuɗin PlayStation Plus duk wata ba, kuma wasu wasannin intanet sun fara janye ƙafa daga kanta. Shawarata ita ce ka fara sauyawa sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ka bar wasu PS4 ɗin suna aiki a farashi mai sauƙi ga yara, PS5 kuma ka sa mata nata kuɗin. Ka sayi mai faifai, domin faifan hannu yana da kasuwa, ana saye ana sayarwa ana musaya, kuma yana rage maka sauke wasa mai gigabait masu yawa da data. Ka manta da Pro, bambancin da take nunawa sai a kan babbar talabijin mai tsada. Ka kuma sa lissafin wuta a ciki, domin PS5 tana jan kimanin wat 200 idan ana babban wasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai dogaro da janareta ko sola. Hannuwan wasan ma sun fi na PS4 tsada, kuma na PS4 ba sa aiki da wasannin PS5, ga shi a gidan gem hannu ne yake fara mutuwa kafin na'ura.

Mai Gidan Wasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji Ɗan Kasuwa, shawararka ta shige ni, musamman maganar sauyawa a hankali. Saura abu ɗaya da nake so Injiniya ya warware mini. Idan na tara faya-fayan PS5 yanzu, akwai dalilin da zai sa in yi tsammanin za su yi aiki a kan na'urar da za ta gaje ta? Ina tuna cewa faya-fayan PS3 ba su yi aiki a kan PS4 ba, kuma waɗanda suka tara su da yawa sun yi asara a wancan lokacin.

Injiniya ya amsa:

Tambayar tana da kyau, Malam, kuma amsarta kashi biyu ce, domin wasan daban ne, faifan daban.

Abin da ya hana wasannin PS3 aiki a kan PS4 shi ne ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce. PS3 tana amfani da wata ƙwaƙwalwa ta musamman mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, mai ƙarfi amma mai wuyar sha'ani ga masu rubuta wasanni. Da aka zo PS4 sai aka watsar da ita aka koma ga AMD, mai tsari irin na kwamfutar tebur. PS5 ma ta AMD ce, shi ya sa take buga mafi yawan wasannin PS4, waɗanda suka haura 4,000. A watan Satumba na 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa tun a 2022 Intel da AMD suka yi takarar samun kwangilar ƙwaƙwalwar PS6, AMD ya yi nasara, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka tattauna a kai shi ne yadda tsofaffin wasanni za su ci gaba da aiki. Idan ka haɗa wannan da bidiyon Cerny da Malam Bazazzagi ya ambata, za ka ga zama da AMD ya tabbata a aikace, kuma hakan yana nufin hanyar buga wasannin PS5 a buɗe take. Sony yana da dalilinsa na kansa ma: wanda ya tara wasanni a asusunsa ba ya son ƙaura zuwa wani kamfani, kuma kamfanin ba zai so ya kwance wannan igiyar da hannunsa ba.

Faifan ne abin sa wa ido. Tun daga ƙaramar PS5 da ta fito a ƙarshen 2023, wurin sa faifai ya zama abin da ake cirewa a maƙala, kuma Pro ta zo babu shi sam, sai dai ka saya daban a kan dala 80. Alƙiblar a fili take. Hasashena shi ne na'ura mai zuwa za ta bi wannan tsarin, a sayar da ita ba faifai, wanda yake so ya ƙara kuɗi ya saya ya maƙala. Wannan ya fi shafar mu a nan fiye da mutanen Turai, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, mutane suna amfani da adireshin Amurka ko Ingila suna sayen katin kuɗi, ga tsadar data a kai.

Bazazzagi ya sake amsawa:

Injiniya, na yarda da kai a kan maganar faifai, kuma hujjarka ta RAM ita ce mafi ƙarfi a cikin duk abin da ka kawo. Amma ban yarda da hujjar GTA VI ba, domin tarihi ya saɓa mata. Grand Theft Auto V ya fito a kan PS3 a watan Satumba na 2013, wata biyu kacal kafin PS4, kuma Sony bai ɗage komai saboda shi ba. Rockstar ya sake fitar da wasan a kan PS4 a Nuwamba na 2014, ya sake fitar da shi a kan PS5 a Maris na 2022, mutane kuma suka saya sau biyu, wasu sau uku. Babban wasa a ƙarshen rayuwar na'ura riba biyu ce ga kowa, ba dalilin jinkiri ba ne.

Sannan ɗage na'ura ba kamar ɗage taro ba ne. Ana kammala zanen ƙwaƙwalwar tun da wuri, ana kama gurbi a masana'antar TSMC tun kafin lokaci, kuma fasahar da aka zaɓa tana tsufa ko an fitar da ita ko ba a fitar ba. Rassan da suke shirya wasannin ranar farko su ma albashi ake biyan su duk wata. Kamfanin zai iya zaɓar ya fito da ita da tsada, ya bar PS5 ta ci gaba a matsayin mai sauƙin kuɗi, tunda wasannin shekarun farko a kan duka biyun za su riƙa fitowa.

Rigimar tamu ma ba za ta daɗe ba a warware ta. PS4 an sanar da ita a birnin New York a watan Fabrairu na 2013, wata 9 kafin ta fito, PS5 kuma an fara bayaninta wata 19 kafin ta fito. Idan Nuwamba na 2027 ne, dole Sony ya buɗe baki a hukumance tsakanin 2026 da farkon 2027, kuma kafin nan na'urorin gwaji za su isa hannun kamfanonin wasanni, waɗanda ba a san su da riƙe sirri ba. Shekarar kuɗi ta Sony tana farawa ne a watan Afrilu, kuma a watan Mayu yake bayyana wa masu hannun jari abin da yake sa ran sayarwa. Idan Mayu na 2027 ya wuce ba a ji sunan sabuwar na'ura ba, to 2028 ce, kuma zan dawo wannan zauren in ce Injiniya ya yi gaskiya.